Shirun Baban Zuwera a Zauren Yendi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Rakiya, 'yar Salaga ce ni, aure ya kai ni Bawku shekara ashirin da 'yan kai. Mijina ba zan kira sunansa ba, ko yanzu da raina yake ɓace bakina bai iya ba. Baban Zuwera nake ce masa, da sunan 'yarmu ta fari. Ya warke sarai, alhamdulillahi, yana can yana lodin albasarsa zuwa Kumasi. Ni ce jinyar ta bar wa tabo. Ina rubuta wannan ne saboda matar da gobe za a ba mijinta irin na'urar da aka ba nawa, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ciwon ya fara ne a lokacin da garin Bawku ya rikice, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe, motar albasarsa ta maƙale a hanya har kayan suka fara ruɓewa. Da farko ciwon kai ne. Ya ce ji yake kamar an naɗa masa rawani an ja da ƙarfi. Daga nan wuyansa ya sandare, in zai waiwaya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Tafin hannunsa kullum a jiƙe. In yaro ya buga ƙofar langa-langa sai ya zabura, ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa za ta fito. Mutumin da ke cinye malmala biyu ta tuwon zafi ya koma sai ya tsakuri gefen ɗaya ya ture kwano.

Makon farko kemis muka yi ta zarya, ƙwayar ciwon kai da man zafi. Mako na biyu masu ba da shawara suka taso, kowa da asibitinsa a baki. Maƙwabciyata ta ce tafarnuwa da zuma. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya. Wani Bamoshe abokin cinikinsa ya kawo saiwa mai ɗaci, ya sha ya yi ta amai har na ji tsoro. Ban raina ko ɗaya ba, kowa don Allah ya yi, amma kan nan bai daina ciwo ba.

Sai muka tafi asibiti. Wanda bai taɓa bin layin kati ba ba zai gane ba. Ka je da sassafe ka tarar wasu sun riga ka, ka zauna a benci har ƙafarka ta kumbura, a kira ka a ce je ka awon jini ka dawo gobe. Katin inshora ya ɗauki ganin likita, bai ɗauki hoton kai ba, sai da na sayar da tumakina biyu da nake kiwo don auren Zuwera. Hoto ya fito ba komai. Likitan, wani saurayi mai haƙuri, Allah ya saka masa, ya ce jini ya ɗan hau, ga ƙwaya, sauran kuma sitires ne. Na ce, "Likita, da Hausa fa?" Ya ce fargaba da tunani ne suka ɗaure masa jiki, jikin ya manta yadda ake sakewa. Ya ce akwai wata mata a Tamale da ke koya wa mutane hakan da na'ura, ya rubuta mana takarda.

Daga Bawku zuwa Tamale ba nan kusa ba ne ga mai ciwon kai. Da labari ya kai Yendi, gidansu na haihuwa, sai babban wansa Yaya Malam ya bugo waya ya ce a kawo shi gida, daga can Tamale ta fi kusa. Yaya Malam shi ya riƙe Baban Zuwera tun mahaifinsu ya rasu, shi ya karantar da shi, shi ya yi masa aure. Har yau in yana magana mijina ba ya ɗaga ido. Kuma in faɗi gaskiya, shi ya biya mana mota, ya yanka rago ya yi sadaka, kullum da safe ga rubutu a ƙwarya. Muka bi ta Gushegu, hanyar nan ta girgiza mu har mara lafiya ya riƙe kansa da hannu biyu, ni da Zuwera muna tallafe da shi.

Matar Tamale sunanta Madam Asana, 'yar Dagomba, gajeriya mai yawan dariya. Hausarta irin ta zango ce, ba ruwanta da mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Ta ce aikinta sunansa bayofidbak. Kalmar ta zauna mini a kai don na sha wahala kafin na iya faɗinta. Ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa kamar maƙalin shanya, ta liƙa masa wasu a goshi da wuya, sai ga layi yana tafiya a fuskar kwamfuta. In hankalinsa ya tashi layin ya hau sama ya yi ja, har da ɗan ƙara. In ya natsu ya sauko ya yi kore.

"Alhaji, wannan abu shi ba ya ba ka magani," in ji ta. "Madubi ne. Ka ga jikinka, ka koya ma shi kwanciya."

Ta koya masa ya shaƙi iska a hankali har ciki ya taso, ya fitar da ita kamar mai hura koko mai zafi, ya saki kafaɗu, ya saki haƙora. Ashe cije haƙora yake yi duk yini bai sani ba.

A zuwanmu na uku ne abin ya faru, abin da na riƙe a matsayin ranar farin ciki kafin ya zame mini bala'i. Na fita sayo masa ruwan leda, na bar layin kore shar, ya kwanta luf. Ina turo ƙofa sai layin ya yi tsalle, ja wur, na'ura ta yi ƙara. Madam Asana ta kwashe da dariya har da tafi.

"Alhaji, matanka ya shigo, zuciya ya tashi."

Shi kuwa, mutumin da bai yi murmushi ba tun damina, ya rufe fuska da hannu ya ce, "Madam, shekara ashirin ke nan haka take yi mini. Yau dai an kama ni."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Madam ta ce to a gwada ni ma, ta cire abin ta sa a yatsana. Ya kalle ni ya ce, "Rakiyata," sunan da ba ya kira sai mu biyu. Nawa layin ya fi nasa tsalle. Muka yi ta dariya mu uku kamar yara. Daga nan ta natsu ta yi mana bayani, kuma da kunnensa ya ji: tsoro ja ne, fushi ja ne, murna ja ce, so ma ja ne, ko miƙewa tsaye ka yi da sauri ja ne. Na'urar bugun zuciya da gumin yatsa kawai take gani, ba ta san dalili ba.

Da ya fara iyawa sai ta ce mu sayi ƙaramar da ake haɗawa da waya, ya riƙa yi a gida safe da yamma. Wannan karon atamfofina na ajiya suka tafi. Zuwera ta haɗa masa a wayarsa. Mako ya bi mako, sauƙi yana shigowa da kaɗan-kaɗan. Wuya ya fara juyawa. Barci ya dawo. Ran da ya ce in ƙara masa miyar ayoyo sai da na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Na ce shi ke nan, wahala ta ƙare. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

A gidan akwai Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa mai ido kamar na shaho. Ba ta da aiki sai ta shimfiɗa tabarma kusa da shi tana jan carbi tana kallon wayar. Ita ta fara lura. In na shigo da koko, ja. In na shigo ɗaukar kwano, ja. Sai ta ce, "Ikon Allah. Ja kuma? Wa ya shigo?" Ni wawiya, sai in yi murmushi in sunkuyar da kai, ina tsammanin tsokanar surukai ce.

Sai na fara ganin abubuwa. Matar Yaya Malam ta karɓe tukunyar mara lafiya daga hannuna, wai in huta na gaji. Yaran gidan da ke rububin ƙosaina suka daina karɓa, in na miƙa sai su kalli uwarsu. In na zo wajen tulu hira ta mutu. A ƙasar nan kowa ya san abin da hakan ke nufi, kuma kowa ya san ƙauyukan da ake kai matar da aka nuna wa yatsa da zargin maita. Amma ban kawo wa kaina ba. Ni da na kwana a bencin asibiti, ni da na sayar da tumakin 'yata?

Wata Juma'a bayan la'asar Yaya Malam ya sa aka shimfiɗa buzu a zaure. Aka zaunar da Baban Zuwera, aka sa masa abin a yatsa, aka jingina wayar a kan allo inda kowa zai gani. Dattawan unguwa uku suna gefe. Aka ce matan gida su fita waje, su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na gane. Sun mai da na'urar Madam Asana ƙasar duba.

Gwaggo Lami ta shiga, kore. Ai dole, tun yana yaro ya saba da surutunta. Matar Yaya Malam ta shiga, kore. Zuwera ta shiga, layin ya ɗan motsa ya koma. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, kuma wallahi addu'ar da na yi ban taɓa zaton mace za ta yi ta ba. Na ce ya Allah, yau kaɗai, kada zuciyar mijina ta buga saboda ni.

Na yi sallama na shiga. Ja wur. Ƙarar nan ta cika zauren.

Gwaggo Lami ta ce, "To. Mu dai ba mu ce komai ba. Ƙarfen Bature ne ya faɗa, shi kuwa ba shi da dangi a gidan nan."

Na durƙusa. Na ce, "Yaya Malam, ka yi mini afuwa in yi magana. Abin nan ba ya gane maƙiyi. Matar da ta ba mu shi ta yi mana bayani, murna ma tana sa shi ja. Ga Baban Zuwera nan, a gabansa aka yi. Shi da bakinsa ya faɗi dalilin da ya sa yake ja in na shigo. A tambaye shi."

Duk zaure ya juya gare shi. Yaya Malam ya ce, "Kai muke saurare. Akwai dalili?"

Na kalle shi. Na ga bakinsa ya motsa. Na ga ya dubi wansa, ya dubi dattawan nan masu furfura. Layin a waya yana ta hawa. Sai ya sauke ido kan yatsun ƙafarsa ya ce, "Yaya ya fi ni sani."

Maganar ke nan. Ba ƙari, ba ragi.

Na san abin da ya riƙe masa harshe, ai a cikin al'adar na tashi. Namiji ba ya buɗe baki a gaban wanda ya rene shi ya ce zuciyata tana bugawa don matata. Da ya faɗa, dattawa za su yi ta dariya, a yi masa waƙa a kasuwar Yendi har jikokinsa. Ya auna dariyar da za a yi masa da sunan da za a liƙa mini, sai ya ga dariyar ta fi nauyi. Abin da ya ci mini rai ke nan, kuma har gobe yana ci.

Yaya Malam ya ce, "Mu Musulmi ne, ba zan kira kowa mayya a zaurena ba. Amma abin da ido ya gani ba a ce bai gani ba. Rakiya, ki je gida ki huta har ya samu lafiya. Abincinsa kuma a bar wa matata." Ya yi addu'a aka shafa. Bai kira sunan ba, amma kowa ya tashi da shi a baki.

Zuwera ta yi kuka ta bugi ƙirji ta kira Madam Asana a waya, ta sa kowa ya ji. Baiwar Allah ta yi ta bayani da Dagbanci da Hausa har muryarta ta dushe, ta ce a zo Tamale ta nuna musu a jikin kowa. Gwaggo Lami ta ce, "Ai ƙawarta ce, tare suke shan dariya." Ba wanda ya je.

Washegari na hau motar Tamale, daga can na kama ta Salaga. Bai fito rakiya ba. Wana Yaya Inusa, mai sayar da doya, ya karɓe ni bai tambaye ni komai ba sai da na ci abinci, Allah ya biya shi. Amma labari ya riga ni isa, waya ta fi mota gudu. Ran da na je ɗiban ruwa wata mata da muka yi wasan ƙasa tare ta janye jikarta daga gefena. A gidan suna aka ba ni kwanona ni kaɗai a gefe. Ni Rakiya, a garin da aka binne cibiyata.

Kuma kun san abin haushi? Baban Zuwera ya ci gaba da samun sauƙi. Dama ya kama hanya tun ina can, numfashin nan ya zauna masa, ƙwayar hawan jini tana aiki, Bawku ma ta ɗan lafa. Amma a Yendi sai aka ce, kun gani ko, tana tafiya ya miƙe. Wahalar da na sha ta jinya ita ce ta zama shaida a kaina.

Ana haka nawa kan ya ɗauka. Rawanin nan da yake faɗa, na ji shi a kaina, wuyana ya ƙage. Ba ni da na'ura, ba ni da kuɗin zuwa Tamale. Sai in zauna a bayan rumbun doya in shaƙi iska har ciki, in hura koko mai zafin da babu shi, in saki haƙora. Yana aiki, ba zan yi wa abin ƙarya ba. Duk wanda likita ya tura wajen irin su Madam Asana ya je, akwai amfani. Shawarata kawai, a bar na'urar tsakanin mara lafiya da mai koya masa. Kada a jingina ta a zaure, kada a bar tsofaffi su zauna suna fassara ta. In kuma dole sai dangi sun gani, a kai dattijon gidan ya ji bayani da kunnensa tun ranar farko.

Bayan Babbar Salla sai ga shi a Salaga, ya zo biko. Ya yi ƙiba, wuya yana juyawa kamar na zabo. Ya kawo ƙunshin goro da turmin atamfa, ya gaisa da Yaya Inusa, aka bar mu mu biyu a ɗaki.

Ya ce, "Rakiya, ki yi haƙuri. Kin fi kowa sanin gaskiya."

Na ce, "Ni na sani. Yendi ce ba ta sani ba. Ka koma zauren, a kira dattawan nan uku da Gwaggo, ka faɗi abin da ka faɗa wa Madam."

Ya ce, "Haba Rakiya. Ta yaya zan dubi idon Yaya in ce masa haka? Kin san ba ma yi. Ki dawo kawai, magana za ta mutu da kanta."

Na ce, "Kunya na san ta, Baban Zuwera. Shekara ashirin ban kira sunanka ba. Amma da a ce kai aka durƙusar a zaure, da na kira shi da ƙarfi har a ji a masallaci."

Sai ya laluba aljihu ya fito da abin yatsan, ya maƙala, ya juyo mini da wayar. Ja wur. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kin gani? Har yanzu."

Na ce ya ba ni. Na sa a yatsana, na ɗora wayar a kan tabarma tsakaninmu, na ɗaga ido na kalle shi sosai. Ban yi numfashin Madam ba, ban yi dabarar komai ba. Ya matso ya sassauta murya ya ce, "Rakiyata."

Layin yana tafiya kore, a kwance, bai ko motsa ba.

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya girgiza ta, ya ce ko caji ne ya yi ƙasa, ko ta lalace a hanya. Na cire abin na ajiye masa a tafin hannu na ce, "Lafiyarta lau. Ai Madam ta gaya mana, madubi ne."

Daga waje Yaya Inusa ya yi gyaran murya, ya tambaya ko a kwance goron a raba wa maƙwabta. Na ce a bar shi a ganyensa tukuna. Motar Yendi tana tashi kullum, zauren kuma yana nan inda ya bar shi.